Tambaya da Amsa: Cika gaba, mara baya, kuma kar ku biya kowa sisi a kai

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon kusan duk sun taru kan wasan nan na gajarta kod da ake kira golf, musamman matsalar jera lambobi, wato a ba ka jeri kamar 3, 8, 5, 2, 7, 4 ka kai cika (lambobin da 2 ke raba su ba ragowa) gaba, mara (masu barin ragowa) baya, ya koma 8, 2, 4, 3, 5, 7, wanda kod ɗinsa ya fi ƙarancin bayit, wato ma'aunin tsawon kod, shi ya ci, kamar yadda a filin golf mai ƙarancin bugu ke lashe wasa.

Wani ɗalibi daga Zariya: "Malam ina so in fara wannan wasan, shin in sai da wayata in cika in sayi laftof Core i7?"

A'a ƙanena, riƙe wayarka. Kod ɗin da ake magana layi ɗaya ne, ko tsohuwar Android za ta gudanar da shi. Sauke Pydroid 3, manhajar rubuta kod na yaren Python a waya, ko ka buɗe shafin Try It Online, kyauta ne kuma yana da harsunan kod da yawa. In karatunka ne ke buƙatar laftof to wannan daban, nemi na hannu mai ram 8 da SSD, ka kunna shi a shagon ka duba abin da ke cikinsa da idonka, kar ka yarda da sitika, kuma a cire caja a gabanka ka ga yadda batirin yake.

Wani kuma bai faɗi garinsu ba: "Wane yare zan saya in riƙa cin kowa?"

Haba ɗan uwa, wa ya ce maka sayar da su ake? Ko minti biyar ba ka yi bincike ba ka turo tambaya. Yarukan kod irin su Jelly da 05AB1E da Pyth duk kyauta suke, don gasar ma aka ƙirƙire su. A Jelly amsar haruffa biyu ce kacal, ḂÞ, na farko yana ba da ragowar raba lamba da 2, na biyu yana jerawa bisa wannan ragowar. Amma kar ka fara daga nan, ba za ka gane komai ba. Masu wasan ma yawanci mai Python da mai Python yake gwada tsawon kod.

Sai wata ƙanwarmu daga Gusau, saƙonta ya taɓa ni. Ta ce ta cire daga kuɗin adashenta ta biya wani kwas a guruf ɗin WhatsApp, aka tura musu PDF mai "amsoshin sirri", ta kwafi na JavaScript, a=>a.sort((x,y)=>x%2-y%2), yana aiki lafiya amma da ta saka 4, -3, 2, 5 sai -3 ya tsallako gaba. Ta tambayi mai kwas ɗin ya ce sai ta biya na mataki na biyu. Ta rufe da cewa ko dai ita ce ba ta da kan wannan abu.

Ƙanwata kwantar da hankalinki, wallahi kanki ƙalau yake. Ke ce ma kika yi abin da mai kwas ɗin bai yi ba, kika gwada da lambar da ke ƙasa da sifili. A JavaScript, haka ma a C, -3%2 yana ba da -1 ne, shi kuwa -1 ya fi 0 ƙanƙanta, shi ya sa -3 ya wuce gaban cika. Canza x%2-y%2 ki sa (x&1)-(y&1), shi &1 yana leƙa bit na ƙarshe ne kawai (0 ko 1 na ƙarshe a yadda kwamfuta ke ajiye lambar), mara 1 cika 0, ko da alamar ɗebewa ko babu. A Python ba ki da wannan damuwar don can -3%2 yana ba da 1, sai ki rubuta lambda a:sorted(a,key=lambda x:x%2), bayit 35 ke nan, ki ƙirga da kanki har da sarari. Kuma sorted ba ya hargitsa tsarin asali, 8 da ta riga 2 zuwa ita za ta ci gaba da zama gaba. In kina son rage biyu ki rubuta lambda a:sorted(a,key=1 .__and__), ya dawo 33, sararin da ke bayan 1 ɗin dole ne, in babu shi Python zai ɗauka lamba mai ɗigo kika fara rubutawa ya ƙi.

To yanzu bari in yi magana da kowa, don abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk abin da na rubuta a sama kyauta yake a intanet, sashen Code Golf na shafin tambaya da amsa na Stack Exchange cike yake da irin waɗannan amsoshi, da yawansu har da bayani harafi bayan harafi daga masu su, amma sai wani ya kwaso ya zuba a PDF ya sa hoton kwamfuta mai koren rubutu, ya ce saura gurbi biyar a rufe, mu kuma jiki na rawa mu tura kuɗi ko sunansa na gaskiya ba mu sani ba. A wannan tsadar, da kun san nawa mudun shinkafa yake kun san nawa data take, yarinya ta ɗebi kuɗin adashe ta ba wanda ko gwada kod ɗinsa bai yi ba, ta zo da tambaya kuma ya ce ƙaro kuɗi. Wannan zalunci ne, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne, a'a yadda ya bar ta tana zargin ƙwaƙwalwarta.

Na taɓa zama da wani yaro a unguwarmu da ya sayi irin wannan, ya haddace amsoshi kusan ashirin, na ce to juya mini, mara gaba cika baya, sai ya yi shiru yana ta shafa allon waya sama da ƙasa yana neman shafin da aka rubuta hakan. Alhali a kod ɗin Python ~x%2 kawai zai sa a madadin x%2.

Ban ce kar a biya malami ba, mai koyarwa na gaskiya ya cancanci haƙƙinsa. Amma kafin ku tura ko naira ɗaya ku nemi darasi guda na gwaji, ku ga kod ɗin da ya rubuta da hannunsa, ku yi magana da wanda ya gama kwas ɗin ba hoton yabo da aka tura guruf ba. Wanda ya ce yana da sirri ku gudu. Wanda ya ce satifiket ɗinsa zai kai ku aiki Amurka cikin wata uku ku gudu. Wanda ke cire mai yawan tambaya daga guruf, shi ma haka. Ke kuma ƙanwata kar ki biya mataki na biyun nan, ki nemi kuɗinki cikin mutunci, in ya hana ki fita ki gaya wa ƙawayenki.

Ta ƙarshe daga wani mai bautar ƙasa a Bauchi: "Golf zai taimaka mini a intabiyu?"

Kaɗan. Zai sa ka san lungunan yare, amma kar ka kai musu 1 .__and__, so suke su karanta su gane. Wannan matsalar ta jera cika da mara tana LeetCode, shafin atisayen kod, lamba 905, je ka warware ta da manuni biyu, wato alamu biyu masu nuna gurbi a jerin, ɗaya daga farkon jeri ɗaya daga ƙarshe, duk inda na hagu ya tsaya kan mara na dama kan cika ka musanya su, har su haɗu a tsakiya. Ka gwada da jerin da babu komai ciki da kuma -3 kafin ka tura.