Filin Masu Kallo: Maki Nawa Fim Ɗin Ya Ci?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan maki suke: wane fim ya ci nawa, kuma don me. Teburinmu na finafinai ne ya amsa.

Assalamu alaikum. Makon jiya ni da yayana mun kalli wani sabon fim na rikicin gado. Na ba shi tara bisa goma, shi kuwa ya ce huɗu ma alfarma ya yi masa. Yaya ake ba fim maki ba tare da son zuciya ba?
*Wata ɗaliba daga Zariya*

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Da alama ba abu ɗaya kuke aunawa ba. Ke kin auna yadda fim ɗin ya taɓa ki, yayanki ya auna yadda aka yi shi. Mu a nan raba goman muke yi: labari huɗu, wasan jarumai biyu, sauti biyu, ɗaukar hoto da tacewa biyu.

Labari ya ɗauki kaso mafi tsoka domin in ya rushe babu kyamarar da za ta tallafe shi. Ki tambayi kanki: me jarumin yake nema, me ya tare masa hanya, kuma wa ya warware ƙullin? Idan a minti goman ƙarshe aka ɗaga katifa aka tsinci takardar wasiyyar da ba a taɓa nuna alamarta ba, ko mugun kawu ya yi haɗarin mota ya tuba a gadon asibiti, marubucin ne ya gaji ya yanke. Cire biyu nan take.

Wasan jarumai kuma akwai gwaji mai sauƙi. Ki kashe sauti na minti biyu, ki bar mai magana, ki zuba wa mai sauraro ido. Gwani fuskarsa tana karɓar abin da ake faɗa masa. Wanda bai goge ba za ki gan shi ƙiƙam, idonsa a wofi, yana jiran a zo kan layinsa.

Kada ki ba da maki a daren da kika kalla. Ki kwana, da safe ki ga ko za ki iya tuno fitowa uku ba tare da an tuna miki ba. Jin daɗinki kuma ki ba shi layinsa daban: zan sake kallo ko a'a. Ana iya samun fim mai maki biyar da mutum zai kalla sau uku, ba abin kunya ba ne.

Na kalli wani fim mai kyan hoto ƙwarai, amma murya tana hawa tana sauka, ga wani gurnani a ƙasa kamar inji, wani wurin ma baki yana motsi kafin magana ta fito. Ina matsalar take?
*Wani mai gyaran waya daga Maraɗi*

Malam, ciwo uku ka lissafa, kowanne da asalinsa.

Hawa da saukar murya daga nisan makirfo ne. Wanda ake ratayawa a doguwar sanda ya kamata ya tsaya kamar santimita 30 zuwa 60 a saman kan mai magana, yana kallon bakinsa. Duk sanda nisan ya ninka, ƙarfin muryar yana faɗuwa da kusan desibel shida (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). To da darakta ya ce a ɗauko falon gaba ɗaya, dole mai sanda ya ja baya don kada ya shiga hoto, sai muryar ta koma kamar daga rijiya. Maganinsa ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a ƙirji, shi ma da nasa fitinar: shadda mai sitati tana ƙaraf-ƙaraf, mayafi yana gogarsa, sarƙa tana bugunsa duk sanda jaruma ta juya. Mai ɗaukar sautin da ya san aikinsa yakan liƙe shi da filasta ta yadda tufa ba za ta taɓa kansa ba, kuma ba ya cire abin kunne ko na daƙiƙa ɗaya.

Gurnanin nan janareta ne, ko firji, ko fanka. Ana kai janareta bayan katanga da doguwar waya, a kashe firji da fanka kafin a fara. Sannan bayan kowace fitowa kowa ya yi tsit, a naɗi shirun ɗakin na rabin minti zuwa minti guda. Da shi mai tacewa yake cike giɓi tsakanin maganganu. In babu shi, za ka ji ƙarar tana kunnuwa tana mutuwa duk sanda hoto ya sauya daga wannan fuska zuwa waccan, abin da ya fi gurnanin kansa cin rai.

Saɓanin baki da murya yakan faru idan an naɗi sauti a na'ura daban amma ba a yi tafi ko buga allo a farkon ɗauka ba, alamar da ake daidaita sauti da hoto da ita, mai tacewa ya koma lalube. In kuma saɓanin yana ƙaruwa a hankali, ƙila hoton da aka ɗauka a firam 25 (wato hotuna 25) cikin daƙiƙa aka mayar 24 ba a taɓa sautin ba. Cikin minti ɗaya tazarar za ta kai daƙiƙa biyu da rabi. Amma kafin ka zabtare musu maki, cire abin kunnenka na Bluetooth ka ji ta lasifikar waya. Sau da yawa jinkirin daga nan yake.

Na ga an ba wani fim ɗin Amurka kashi 90 cikin ɗari a Rotten Tomatoes, na ƙona data na sauke, barci ya kwashe ni. Ƙarya suke yi?
*Wani ma'aikacin jinya daga Kano*

Ba ƙarya ba ce, karatun lambar ne ya kuɓuce maka. Rotten Tomatoes shafin intanet ne da ke tattara ra'ayin masu sharhin finafinai, kuma wannan kaso ba makin fim ba ne, adadin masu sharhin da suka ce ya yi ne. Idan masu sharhi ɗari suka kalla, casa'in suka ce "ba laifi", ya ci 90 ke nan ko da babu wanda ya yi masa tafi. Daga kashi 60 ma suke ba da jan tumatir, alamarsu ta cewa fim ya yi. A IMDb kuwa, wani shafin finafinan, masu kallo ne suke zaɓa daga ɗaya zuwa goma, don haka ka duba yawan waɗanda suka kaɗa. Maki 9 daga mutum arba'in, ƙila rabinsu abokan furodusa ne. Maki 7.5 daga mutum dubu ɗari ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Wani fim mai dogon zango da nake bi a YouTube, zangon farko na ba shi takwas. Yanzu muna zango na shida, ji nake kamar ana tauna mini taura. Maki nawa zan ba shi gaba ɗaya?
*Wata matar aure daga Gombe*

Hajiya, kada ki haɗa su. Kowane zango da makinsa.

Jan da kike ji yana da dalili. Bidiyon da ya kai minti takwas YouTube tana bari a sa masa talla a tsakiya, kuma tsawonsa yawan guraben tallarsa. Ga shi kowane mako sai an saki sabon kashi, wani lokacin a lokeshan ake ƙarasa rubutun. Daga nan ciko yake shigowa: mota ta yi hon, maigadi ya taso, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya buɗe ɗayan, ta shiga, a rufe, duk a idonmu. Sai gaisuwa ta minti biyu. Sai a kira ƙawa a waya a ba ta labarin abin da muka gama gani yanzu.

Ki riƙe agogo a kashi ɗaya. Duk fitowar da ta ƙare babu wanda ya san sabon abu, babu wanda ya yanke wata shawara, ki rubuta tsawonta. In cikon ya haura kashi ɗaya bisa uku na lokacin, labarin bai cancanci fiye da biyu cikin huɗunsa ba. Ki kuma sa ido kan ci gaban shiri: hular da ta sauya launi tsakanin zaure da falo, lallen da ya ɓace a yini ɗaya. Ana ɗaukar duk fitowar gida guda a tare ne ba bisa jerin labari ba, in mai kula da wannan ya yi sakaci sai a ga haka.

Fim ɗin Indiya na fassarar Hausa, fim ɗin zan ba maki ko masu fassarar?
*Wani ɗan kasuwa daga Kumasi*

Maki biyu za ka ba da. Masu fassara sukan ƙara barkwancin da babu shi a asali, su gajarce wani wuri, wani lokaci muryarsu ta danne kiɗa da sautin wurin. Dariyar da ka sha ƙila tasu ce, ramin da ka gani a labari ƙila almakashinsu ne.

An ce an tura fim ɗin Hausa gasar Oska. Ke nan ya fi duk sauran?
*Wani malamin makaranta daga Gusau*

An tura, har sau biyu: The Milkmaid na Desmond Ovbiagele a 2020, da Mai Martaba na Prince Daniel a 2024, kodayake babu wanda ya shiga jerin finafinai 15 da ake tacewa kafin zaɓen ƙarshe. Sai dai rukunin finafinan ƙasashen waje yana da sharaɗin cewa mafi yawan maganar fim kada ta zama Turanci, wanda a kansa ne aka cire Lionheart, fim ɗin da Najeriya ta tura a 2019. Kwamiti ne a Najeriya yake zaɓen guda ɗaya daga cikin waɗanda masu su suka miƙa kuma suka cika ƙa'idoji, ciki har da nunawa a sinima. Fim ɗin da aka saki kai tsaye a YouTube ko tashar talabijin bai ma shiga layin ba, balle a ce an gwada su an ga wanda ya fi.