Batirin rikoda: amsar maigida ga yaron shago

Ɗana, ka tambaye ni ko za ka jera batura biyu na tsohuwar kwamfuta, kan wannan a gindin wancan, ka jona wa rikodar ɗan jaridar nan, tunda pil, ƙananan baturan da ake saye a shago, ba ya kai masa yini. Kada ka soma. Juya na'urar ka karanta abin da ke rubuce a bakin ramin caji: volt 5. Batirin nan na kwamfuta da ake kira 18650, ko da volt 3.7 aka rubuta a jikinsa, in ya cika 4.2 yake bayarwa. Biyu a jere 8.4 ke nan, ka ƙone wa bawan Allah abin neman abincinsa.

Gefe da gefe za ka haɗa su, kai da kai, gindi da gindi. Ƙarfin yana nan yadda yake, daɗewar ce ke ninkuwa. Amma auna kowanne da mita tukuna. Cikin waɗanda ka ciro daga kayan kasuwar Katako, duk wanda ya sauka ƙasa da 2.5 ware shi. Sauran ka caje su ka ajiye ƴan kwanaki. Wanda ya zube da kansa shi ma ba na aiki ba ne. Sai awonsu ya zo ɗaya kafin su haɗu, in ba haka ba cikakken zai kwarara cikin mai yunwar, waya ta ɗauki zafi. Masu rubutun 9900 mAh kuwa, wato awon yawan cajin da batiri ke ɗauka, ƙarya ce tsagwaronta, na gaske ba ya wuce wajen 3500.

Sai ƙaramin allon caji TP4056, irin mai kariya, wanda ke yanke wuta in batiri ya yi ƙasa da yawa. Bayansa allon da ke ɗaga 3.7 zuwa 5, da fis a tsakani. Kada ka ɗora ƙarfen dalma a kan batirin, zafi na kashe shi. Sa shi a gidansa na roba, ka yi dalmar a ƙafafun gidan. Ka kuma tabbatar wane ne tsakiyar fulogi, ƙari ko ragi, akwai zanensa a jikin na'urar.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Rikoda ba tocila ba ce, da za a ce ta kama, shi ke nan. Allon ɗaga wutar nan kunnawa da kashewa yake yi sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, kuma makirfo na iya kwasar wannan. Ka ga fitila ta yi kore, mita ta nuna 5 cif, ka miƙa wa mutum. Ya hau babur har Kollo ya ɗauko hira da manoma, ya dawo ya tarar da wani siririn fito a ƙarƙashin kowace magana. Hirar ba ta maimaituwa. Don haka kashe fanka, sa abin sauraro a kunne, ƙure ƙarar makirfo, ɗauki shiru na minti ɗaya da pil, ɗaya da naka, ka gwama. In ka ji fito, sa kondansa, abin da ke tace wutar, mai 1000 µF a bakin fita, rage tsawon waya, nisanta akwatin batirin da makirfo. In ya ƙi, canza allon, ba duka ne masu tsabta ba.

Ranar da zai karɓa, gaya masa kada ya bar shi cikin akwatin babur a rana. Zafin Yamai na Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40 a inuwa ma. In ya ga ya kumbura ko yana wari, ya cire ya kawo mana. Ɗauko mitar mu fara da na hannunka.