Tambayoyinku: Wane Aiki Gimbiyar Turai Ke Yi a Yau?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki? Kwanakin baya na ga bidiyon Gimbiya Leonor ta Sifaniya sanye da kakin soja tana fareti, abin ya ɗaure mini kai. Ni a sanina gimbiya zama take a fada a yi mata komai. Har gardama muka yi da ƙawata, ta ce duk kwalliya ce da ɗaukar hoto, ba abin da suke tsinanawa sai cin kuɗin jama'a. Don Allah ki raba mana gardama: suna da iko kuwa, kuma mene ne aikinsu?

Daga wata ɗaliba mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, na gode da gaisuwa. Bari in fara da batun iko, don shi ne mai sauƙin amsawa: ba su da shi. A Sifaniya da Holan da Beljiyam da Birtaniya, firaminista da majalisa ke riƙe da ragamar mulki, sarki kuwa sai sa hannu kan abin da aka riga aka zartar. A Suwidin ma ko wannan sa hannun an karɓe daga hannun sarki tun 1975. To in uban ke nan, ina ga 'yar?

Amma rashin iko daban, rashin aiki daban. Leonor ɗin da kika gani, an haife ta ranar 31 ga Oktoba 2005, ita ce babbar 'yar Sarki Felipe na Shida da Sarauniya Letizia, kuma ita ce mai jiran gado. Ranar da ta cika shekara 13 aka tsayar da ita gaban manyan ƙasa ta karanta sashe na farko na tsarin mulki, wannan ne karon farko da ta yi magana a bainar jama'a. Ranar da ta cika 18 kuma ta shiga majalisar dokoki a Madrid ta yi rantsuwar biyayya ga tsarin mulkin. Kakin nan ba na ado ba ne. Dokar ƙasarsu ta ce mai sarauta shi ne babban kwamandan askarawa, shi ya sa aka tsara mata horon shekara uku: sojan ƙasa a Zaragoza daga Agustan 2023, sai na ruwa a Marín, inda ta yi watanni a teku cikin jirgin horarwa mai suna Juan Sebastián de Elcano, sannan na sama a San Javier. Hanyar da mahaifinta ya bi ke nan kafin ita. Ki duba fa, sa'o'inta na zaɓen abin da za su karanta da garin da za su zauna, ita kuwa tun tana cikin zanen goyo aka gama rubuta mata nata.

Wannan ɗaurin shi ne abin da ya fi taɓa mini zuciya a rayuwar matan nan, kuma shi ne ba a gani a hoto. Ɗauki Gimbiya Victoria ta Suwidin. An haife ta a 1977, lokacin da mace ba ta gadon sarauta a ƙasar. Ƙanenta Carl Philip da aka haifa a 1979 shi ne yarima mai jiran gado, sai majalisa ta sauya doka daga farkon 1980, aka ce ɗan fari shi ke gado, mace ko namiji. Suwidin ce masarauta ta farko a Turai da ta yi haka, Beljiyam ta biyo baya a 1991, Birtaniya sai a 2013. Ni wannan sauyi ya yi mini daidai. Sai dai nauyin bai zo wa Victoria da sauƙi ba. A 1997 fada ta fito fili ta ce gimbiya na fama da lalurar ƙin cin abinci, bayan jaridu sun yi ta buga hotunan ramarta. Ta tafi Amurka ta yi karatu a jami'ar Yale, ta samu sararin jinya nesa da idon masu kyamara. Da ta tashi aure a 2010, mai horar da ita motsa jiki ta zaɓa, Daniel Westling, wanda ba ɗan sarauta ba ne, kuma sai da sarki da gwamnati suka amince kafin a ɗaura.

Aikin yau da gobe kuwa, buɗe asibiti ne, ziyarar makaranta, jajanta wa waɗanda ambaliya ta shafa, tarbar shugabannin ƙasashe, da tsaya wa ƙungiyoyin agaji. Kada ki raina shi. Gimbiya Anne ta Birtaniya ta shugabanci ƙungiyar Save the Children daga 1970 har 2017, kuma ko yanzu da ta haura shekara 70 takan halarci ɗaruruwan taruka a shekara. Duk inda ta sa ƙafa 'yan jarida na biye, masu hannu da shuni kuma su buɗe aljihu. Ƙaramar ƙungiyar da ba wanda ya san da ita, ziyarar awa ɗaya kan ishe ta a san da zamanta.

Yanzu ga maganar ƙawarki, kuma ba zan ce ba ta da hujja ba. Kuɗin haraji ake kashewa a kansu, ba kuma kaɗan ba, sannan ba wanda ya zaɓe su. A duk ƙasashen nan akwai masu fafutukar a soke sarautar gaba ɗaya. Su kansu gimbiyoyin sun san da haka. A Yunin 2021, Gimbiya Amalia ta Holan ta rubuta wa Firaminista Mark Rutte wasiƙa da hannunta cewa ba za ta karɓi alawus ɗinta na kusan yuro miliyan 1.6 a shekara ba muddin tana karatu, domin sauran ɗalibai na cikin matsi. Yarinyar nan dai a 2022 ta tare a gidan ɗalibai a Amsterdam, ba a daɗe ba barazanar masu laifi ta sa aka mayar da ita fada, daga baya ta koma Madrid da zama na wani lokaci. Ko fita ita kaɗai kamar sauran 'yan ajinsu gagarar ta ya yi.

A Sifaniya lamarin ya fi tsauri. An taɓa kawar da sarautar a 1931, ba ta dawo ba sai 1975. Kakan Leonor, Juan Carlos, ya sauka daga karaga a 2014 bayan farin jininsa ya zube, a Agustan 2020 kuma ya bar ƙasar zuwa Abu Dhabi ana tsaka da bincike kan dukiyarsa. Saboda haka duk jawabin da ta tashi yi a birnin Oviedo wajen bikin ba da lambobin yabo masu ɗauke da sunan sarautarta, akwai 'yan ƙasa da yawa da ke sauraro suna auna ko gidan nan ya cancanci a ci gaba da riƙe shi. Har yau kuma tsarin mulkin Sifaniya na 1978 na fifita ɗa namiji, da a ce an haifa mata ƙane, shi zai sha gabanta. Ki gaida mini ƙawar taki, ki ce ta rubuto in tana da ja.