Insulin ya yi tsada, wuta kuma babu: yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana yin allurar insulin saboda ciwon sukari. Kuɗinsa ya haura, wuta kuma sai mu kwana biyu ba mu gan ta ba. Shin zafi yana lalata shi? Me ya kawo tsadar nan?
Wata baiwar Allah, Daura

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya.

Ƙwarai zafi yana kashe ƙarfinsa. Kwalbar da ba a buɗe ba firij take so, sanyin digiri 2 zuwa 8, nesa da wurin ƙanƙara, don in ya daskare ya tashi aiki ko da ya narke. Wadda aka fara zuƙa takan kai kwana 28 muddin zafi bai wuce digiri 30 ba, alhali bazarar Daura tana haura 40.

In babu wuta, ki sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa safe da yamma. Kwalbar ta shiga roba mai murfi, a sa cikin ƙaramar tukunyar, a rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa mai iska. Da rani ya fi aiki. Da damina sanyinsa kaɗan ne. In insulin mai garai-garai ya yi duhu-duhu, ko mai fari ya yi gudaji, a zubar. Don Allah kada a rage wa Hajiya adadin allura don kwalba ta daɗe.

Mai hali ya haɗa ƙaramin firij na sola: faranti mai wat 300 da batirin litiyam 12V 100Ah. A riƙa goge ƙurar hunturu, ita ke rage caji.

Batun tsada kuwa, shigo da shi ake yi da dala, naira kuma ta faɗi tun Yunin 2023. A shekarar ce kamfanin Sanofi, mai yin insulin ɗin Lantus, ya sanar da miƙa rarraba magungunansa a Najeriya ga dillali. A Amurka wata dokar 2022 ta ƙayyade kuɗin insulin a dala 35 a wata ga tsofaffin da ke inshorar gwamnati, ita ce kuma ta ware kuɗin wutar rana da iska. A ganina abin da ya dace da Katsina ke nan: jiha ta sayo insulin da yawa a farashin sari, ta ƙayyade kuɗinsa, ta sa firij na sola a kowane asibitin karkara inda majinyaci zai kai ajiya.

Kafin nan, ki sayi kwalba ɗaya-ɗaya, daga kemis ɗin da kika ga ya ciro ta cikin firij mai sanyi, ki duba lambar NAFDAC.