Tambayoyinku: Zaman Ƙauye da Noman Shinkafa a Indonesiya

Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a wata jami'a a tsibirin Jawa, ya ce za a tura su ƙauye su yi wata guda da ɗoriya suna hidima ga jama'a. Hankalina bai kwanta ba. Wane irin zama zai tarar, kuma me ya kamata ya kiyaye? Daga wani uba a Aboabo, Kumasi.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kwantar da hankalinka, jami'o'in ƙasar da yawa sun daɗe suna tura ɗalibai ƙauye kafin su kammala, kuma mutanen karkara sun saba karɓarsu.

Abu na farko, ya gabatar da kansa. Ƙauyen Jawa a tsare yake: akwai shugaban ƙauye da jama'a ke zaɓa da ƙuri'a, ƙarƙashinsa unguwanni, kowace unguwa kuma an kasa ta rukuni-rukuni na gidaje talatin zuwa hamsin, kowane da jagoransa. Baƙon da zai wuce kwana ɗaya dole a kai shi wurin wannan jagora. Maza kan yi sintirin dare bi da bi, a wurare da yawa ma kowane gida na ajiye ɗan dintsin shinkafa ko tsabar kuɗi a bakin ƙofa, masu sintiri su tattara don asusun unguwa. Idan aka kira gayyar share hanya ko yashe magudanar ruwa, ya fita da fartanya. Da wannan ake auna baƙo.

Akasarin mutanen Musulmi ne, amma Shafi'iyya suke bi, ba Malikiyya irin tamu ba. Zai ga liman yana alƙunutun asuba a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u, ana kuma buga babbar ganga a masallatai da yawa kafin kiran sallah. Ya bi jam'i, kada ya ɗauko gardama. Asuba na yi da wuri, wajen ƙarfe huɗu da ɗan wani abu.

Shinkafa ce safe, rana, dare, da waken suya da aka sarrafa, da ganye, da dakakken barkono. A tsakiyar Jawa girkin na da zaƙi don suna sa sukari. Wuta ta kai kusan ko'ina, girki kuma da 'yar tukunyar gas ce mai kilo 3. Ruwan rijiya sai an tafasa. Abin da ya fi damunmu shi ne zazzaɓin dengi: sauronsa da rana yake cizo, a ruwa mai tsafta yake ƙyanƙyasa, har da kwamin ruwan banɗaki, shi ya sa ake kwashe shi a goge kowane mako. Gidan sauro da dare kaɗai ba zai wadatar ba, ya riƙa shafa maganin sauro da safe da yamma. In zazzaɓi ya kama shi ya sha farasitamol, ya guji asfirin domin tana ƙara zubar jini, ya tafi asibitin gunduma a ranar. Ka kuma tuna masa cewa hannun hagu ake tuƙi a can, kafin ya hau babur.

Malam, ina noman shinkafa eka biyu a fadama kusa da Kumasi. Na ji manoman Indonesiya na samun ninkin abin da muke samu. Yaya suke yi? Daga wani manomi a Asawase.

Malam manomi, matsakaicin abin da suke girba ya ɗan haura tan 5 na shanshera a hekta, wato kamar tan 2 a eka. Ba wani iri na asiri ba ne. Mafi yawan manoman Jawa gonarsu ba ta kai rabin hekta ba, don haka kowane taku na ƙasa ana yi masa aiki.

Sun fara da daidaita ƙasa. Ana kewaye fangali da gaɓa, a cika shi da ruwa, a yi huɗa, a dama laka, a share ta har ruwan ya kwanta daidai ko'ina. Fangalin da ya karkace, gefe ɗaya shuka ta nutse, ɗaya gefen ciyawa ta cinye taki. Wanda bai gyara wannan ba, sauran aikin asara ne.

Galibi ba sa yayyafi, dashe suke yi. Kilo 10 na iri ya ishi eka ɗaya. A zuba gishiri a ruwa har ɗanyen ƙwai ya taso, a cire ƙwan a zuba iri, a kwashe wanda ya yi iyo a zubar, sannan a wanke na ƙasa da ruwa mai kyau nan take, in ba haka ba gishirin zai kashe shi. A jiƙa kwana ɗaya, a rufe cikin buhu mai laima kwana ɗaya ko biyu har ya tsattso, a watsa a wurin reno. Ana cirewa a dasa yana da kwana 15 zuwa 21, ƙwaya ɗaya zuwa uku a rami, ba da zurfi ba. Shukar da ta haura wata a wurin reno ba ta yin 'ya'ya sosai. Wata dabara da ta yaɗu a can ita ce a dasa layi biyu, a bar gurbin na uku: santimita 25 tsakanin layukan biyu, 12.5 tsakanin shuka da shuka a cikin layi, 50 a gurbin. Kowace shuka ta zama ta bakin layi, tana samun rana da iska, manomi kuma ya sami hanyar bi ya yi cira ya zuba taki.

Takin ma kashi uku ake yi masa: wajen kwana 10 da dashe, sai bayan mako uku, sai dab da ɗaukar ciki. Kafin a zuba yuriya a rage ruwa ya zama laka kawai, a toshe mafita, don kada takin ya bi ruwa zuwa gonar maƙwabci. Saura kwana 10 girbi a tsiyaye ruwan. A yanke idan kashi 90 cikin 100 na zangarniya ta yi rawaya, a shanya a kan tamfol ana juyawa har laima ta sauko kashi 14 cikin 100. Wadda ta sha rana fiye da kima kakkaryewa take yi a inji, sai ka rasa kasuwa a gaban shinkafar waje.

Yanzu ga inda muke so ka tsaya ka duba da kyau, domin nan ne wanda ya kwaikwayi dabarar shi kaɗai yake faɗuwa. Manoman fadama ɗaya a can kan zauna su tsayar da lokacin dashe, kowa ya gama cikin mako biyu ko uku. Dalilin ɓera ne. Ɓeran gona na hayayyafa ne lokacin da shinkafa ta ɗauki ciki, cikin macen mako uku ne, kuma takan haifi kusan goma. Idan wannan ya girbe wancan na dashe, abinci bai yanke masa ba duk shekara. Kafin dashe sukan fita gayya su tone ramuka, wasu ƙauyuka kuma sun kafa wa mujiya akwatuna a kan dogayen sanduna a tsakiyar gonaki. Akwai masu zagaye gona da wayar lantarki, kuma ta kashe mutane da dama. Kada ka kusanci wannan.

Feshi ma sun sha darasinsa. Wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa da ke tsotse gindin shinkafa ya yi musu ɓarna mai yawa, aka gano cewa yawan feshi ne ke kashe gizo-gizo da sauran masu cin sa. A 1986 gwamnatin Suharto, shugaban ƙasar na lokacin, ta hana amfani da magunguna 57 a kan shinkafa, a 1989 kuma aka fara makarantun manoma a cikin gona, inda ake koya musu duba gindin shuka kowane mako kafin a taɓa famfon feshi. Shawararmu, ka fara da rubu'in eka bana, ka kuma nemi maƙwabtanka na fadama ku daidaita ranar dashe.

Wanda ba shi da gona fa, da me yake rayuwa? Daga wata 'yar kasuwa a Sabon Zongo.

Hajiya, da ƙarfinsa, kuma rayuwar da wuya. Wasu na noma gonar wani a raba amfani biyu. Mata su ne masu dashe, da girbi kuma a biya su da kason shanshera, daga ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin goma gwargwadon al'adar wuri. Wannan kason yana raguwa, domin masu gona da yawa yanzu na sayar da shinkafar tun tana tsaye ga ɗan kasuwa, shi kuma ya kawo injin girbi. Shi ya sa matasa ke tafiya Jakarta ko Maleshiya ko Saudiyya neman aiki, a bar dattawa da gona. Mata na adashi kamar susunmu, ana haɗuwa gida-gida a fitar da mai ɗauka ta ƙuri'a, ana kuma kiwon akuya da agwagwa don ranar buƙata. A yankunan duwatsu marasa ruwa irin Gunung Kidul, rogo ake ferewa a shanya a daka, dangin kokontenmu, shi ke riƙe gida idan rani ya yi tsawo.