Amsa: sutura, makara da ramin cikin kabari

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya huta. Ka ce a jana'izarsa a ƙauyenku na wajen Ringim ka ji ana "an gama sutura", kuma ka ga rami biyu a kabarin, kana tambaya ko shi ne lahadu.

Sutura dai ita ce a yi wa mamaci wanka, a sa masa turare ko kafur, a naɗe shi a likkafani, wato farin alawayyon nan. Daga nan sai makara, gadon da ake ɗaukarsa a kai zuwa wajen salla: kabbara 4, a tsaye, ba ruku'u ba sujada.

Ramin da ka gani kuwa ba lahadu ba ne, malamai shaƙƙu suke ce masa. Lahadu a jikin bangon kabari ake rarake shi ta ɓangaren alƙibla, sai ƙasa mai tauri. Ƙasarmu ta Jigawa yashi ya yi mata yawa, ruftawa za ta yi. Shi ya sa ake haƙa babban rami, sannan a tsaga siriri a tsakiya daidai jikin mutum. A kwantar da shi kan damansa yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane a kai, a toshe kafofin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura busasshiya. Ina yaro mu ake aika ɗebo ruwan kwaɓin nan a tulu.

Takabar Inna, matar Baffa, kuma wata 4 da kwana 10 ne.