Tsadar jar giyar inabin Italiya: shin a sara a ajiye zai biya?

Wani ɗan kasuwa daga Jos, wanda yake kai wa otal-otal na Abuja kayan ci da sha na ƙasashen waje, ya aiko da tambaya. Ya ce masu otal suna yawan neman jar giyar inabi ta Italiya mai daraja, irin su Barolo da Brunello di Montalcino da Sassicaia, kuma duk lokacin da ya je sari sai ya tarar farashi ya ƙaru. Yana son sanin ko ya dace ya zuba jari mai kauri ya sayi katan-katan ya ajiye har su ƙara tsada.

Ɗan'uwa, ka riga ka san cewa Musulunci ya haramta cinikin giya, kuma jihohin da ke bin shari'a, kamar Kano da Zamfara, sun hana sayar da ita. Saboda haka kasuwarka ba ta wuce wuraren da doka ta amince ba, kuma a kan lissafin kasuwanci kaɗai zan amsa maka.

Tsadar tana da tushe na gaskiya. Ba a kiran giya Barolo sai an yi ta da inabin Nebbiolo wanda aka noma a ƙananan hukumomi 11 na yankin Piemonte, kuma dole ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako, kafin a fitar da ita kasuwa. Brunello kuwa, wadda ake yi da inabin Sangiovese zalla a Montalcino ta yankin Toscana, ba ta fita sai a farkon shekara ta biyar bayan girbi. Ka ga manomi yana kwantar da kuɗinsa shekaru kafin ya ga ko sisi, kuma ba shi da damar faɗaɗa gona idan masu saye sun ƙaru, domin doka ta shata iyaka. Shi ya sa hekta ɗaya ta gonar inabi mai kyau a Barolo take haura yuro miliyan ɗaya, kuma attajiran waje suke sayen tsofaffin gidajen giyar, kamar yadda wani iyali na Amurka ya sayi gidan Vietti a 2016. Ƙari a kan haka, kuɗin kwalba da makamashi ya tashi a 2022, sannan cutar ganye ta rage girbin Italiya a 2023 har Faransa ta sha gabanta a yawan abin da aka samar.

To amma abin da nake so ka tsaya ka duba shi ne wannan: mafi yawan ƙarin da kake gani a rasit ɗinka daga faɗuwar darajar naira ya fito. A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, kuma a 2024 ta haura 1,500. Kwalbar da farashinta bai motsa ba a yuro ta ninka sau uku a hannunka. Idan ka sayar da ita a sabon farashi za ka ga kamar ka ci riba, amma ranar da ka koma sari za ka gane cewa kuɗin ba su fi ƙarfin maye gurbin kayan da ka fitar ba. A kasuwar duniya ma labarin ya sauya, domin farashin manyan giyoyi a Liv-ex, kasuwar Landan inda dillalai suke cinikin giya mai tsada, ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, daga nan ya yi ta sauka a 2023 da 2024. Na Italiya sun fi na Faransa juriya, amma su ma sun ja da baya.

Sai batun ajiya, wanda a ganina shi kaɗai ya isa ya hana ka wannan shiri. Irin wannan giya tana buƙatar ɗaki mai duhu da sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 14 ba, dare da rana, kwalaben kuma a kwance domin kada abin toshe bakinsu ya bushe. Idan aka ɗauke wuta na kwana biyu a watan Maris a Abuja, janareto kuma bai tashi ba, zafi zai taso da abin toshewar, giyar ta tsattsafo ta ɓata takardar da ke jikin kwalbar, kuma babu mai saye da ya san kaya da zai biya cikakken kuɗi bayan ya ga wannan tabo. Kuɗin dizal na shekara uku zai cinye duk ribar da kake hange.

Akwai kuma jabu. A 2020 jami'an tsaron Italiya sun kama gungun masu haɗa Sassicaia ta bogi, waɗanda suke zuba giya mai araha daga Sicilia cikin kwalaben da aka ƙera a Turkiyya. Duk dillalin da ya kawo maka ita a farashin da ya yi ƙasa da na kowa, ka nemi takardun shigo da kaya da lambar rajistar NAFDAC kafin ka taɓa aljihunka.

Shawarata ita ce kada ka sayi masu tsadar nan sai otal ya ba ka oda a rubuce tare da kafin alƙalami, kuma ka yi lissafin farashin da canjin ranar da za ka biya. Jarin da kake juyawa kuwa ka sa shi a ƙannensu, wato Langhe Nebbiolo, ƙanwar Barolo, da Rosso di Montalcino, ƙanwar Brunello, waɗanda ake yi da inabi iri ɗaya da na yayyensu, sau da yawa a gida ɗaya, amma ba sa daɗewa a ganga kuma farashinsu yakan tsaya a rabi ko ƙasa da haka. Otal yana iya sayar da su kofi-kofi, don haka ba sa yin kwantai, kuma kayan wata uku sun ishe ka a kowane zuwa.